Turakun Sama'ila a Gonar Kakanmu

Bari in fara da abin da zai faranta wa mutanen garinmu rai: a labarin nan ni ne wawan. Na faɗa da bakina, don kada wani ya wahalar da kansa ya rubuto wa jarida gyara. Da shigowar wannan damina shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar taubashina Malam Sama'ila, malamin gona. Addu'a kam ba ta taɓa tsallake shi a bakina ba. Amma zargin da na ɗora masa tun yana raye, wallahi ban sami inda zan sauke shi ba sai cikin 'yan kwanakin nan, shi ma ba da son raina ba.

Uwarsa, Gwaggo Asabe, ƙanwar ubana ce, ciki ɗaya. A Kunci ta yi aure, amma shi a gidanmu ya tashi. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini Shehin Malami. Wannan suna yana da tushe. Rana ɗaya aka kai mu firamare a Bagwai. Ni da na kai aji huɗu sai na duba na ga na kwashe abin da ke cikin boko, ragowar duk maimaici ne, na dawo gona. Shi da yake kansa bai kai nawa saurin ɗauka ba, sai da ya yi ta zama a aji har gemu ya fito masa. A ƙarshe ya sami aiki a wata cibiyar bincike inda ake biyan manyan mutane albashi don su zauna su kalli yadda dawa take tsiro. Nasa aikin shi ne ya ɗauko abin da masu binciken suka gano ya kawo wa irinmu.

Sai in gaya muku gonar, don ita ce maganar. Gonar tudu ce, ruwan dam ɗin Watari ba ya isa gare ta, da damina kaɗai take ci da mu. Wanda bai san ƙasarmu ba ya sani cewa mu nan ba mu da daji. Gona tana jikin gona, layin gamba ne kawai tsakaninka da maƙwabci, in ka yi tuntuɓe a taka a tasa za ka faɗi. Kakanmu ya rasu ya bar ta ga 'ya'ya biyu, ubana da Gwaggo, ba a kuwa raba ba. Ubana ya noma, ni na ɗora. Gwaggo ba ta taɓa tayar da zancen ba, duk kaka dai ana ɗora mata damin dawa a jaki. Ta rasu, zancen bai rasu ba. Kowa a garin ya san kashi ɗaya cikin uku na gonar nan haƙƙin 'ya'yanta ne, kuma kowa ya san in aka yanke shi abin da zai rage ba zai riƙe gidana ba. Ni na fi kowa sani. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Ana haka ƙuduji ya shigo, ciyawar nan mai fure da ke kashe dawa. Da fari jefi-jefi, daga baya in ka tsaya a bakin gonar cikin watan da dawa ke ɗaukar ciki sai ka rantse lambun furanni na shuka. Dawar kuwa ta tsaya iya gwiwa, ganye ya yi ɗorawa, kamar yaron da aka yaye da ciwo. Muka ce gona ta gaji. Wasu suka ce baki ne. Mukan tuge shi in ya yi fure, mu watsa a kan iyaka ko a hanya, mu tafi gida muna jin mun yi aiki. Rumbun da ke kai mu wata damina ya koma ƙarewa tun rani bai raba ba.

Sama'ila ya sha zuwa da maganin wannan a takarda. Yakan zo a kan babur da ɗaurin takardu masu hoto, ya tara mu ya yi ta jero sunaye masu tsawo, mu muna gyaɗa kai muna gyangyaɗi, ba ka rarrabe wanne ne wanne. Takardun sun yi amfani, ban musa ba. Mai ƙosan bakin kasuwa ta daɗe ba ta nemi abin ƙunshi ba. Ni a lokacin nakan zauna a gaba, in riƙe takardar daidai, in ce "haka ne" a inda ya dace, saboda mutane su san akwai wanda ya gane.

Wata Juma'a bayan la'asar, a gindin dalbejiyar ƙofar mai unguwa, sai ga shi ba takarda ba komai. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya dube mu, ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Muka saki baki muna kallonsa. Namiji da furfura a gemu, rana ba ta faɗi ba, a gaban mai unguwa. Mu da aka hore mu tun muna yara cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a hanya. Can sai ladanin masallacinmu, dattijo mai kamun kai, ya manta da kansa ya amsa, "Ta zo mu ji ta." Aka fashe da dariya, kafin a gama dariyar Sama'ila ya shiga.

Wai akwai wani baƙo marar kunya, 'ya'yansa ƙanana kamar garin kwalli, ba sa ƙirguwa. Makafi ne, kuma guzurin kowannensu bai wuce na 'yan kwanaki ba. Saboda haka ba sa yarda su farka a banza. Suna kwance a ƙarƙashin ƙasa suna barci shekara da shekaru, tsawa ba ta tashe su, ruwa shi kaɗai bai ishe su ba. Abu ɗaya suke jira, ƙanshin girki. Saiwar dawa ko ta gero, in tana tafiya cikin ƙasa, akwai wani abu da take fitarwa kamar gumi, to shi ne ƙanshin. Da sun ji sai su farka, su lallaɓa, su kafa baki a jikin saiwar. Mai gona yana sama yana kallon gajimare yana cewa ruwa ne ya yi ƙaranci, alhali a ƙasa ake shanye masa dawa. Ranar da ya ga furen nan mai kyau, baƙo ya riga ya ƙoshi. Ado ya fito yi, ya zubar da sababbin 'ya'ya. Mai gona kuma don kirki sai ya tuge shi da 'ya'yan a jiki, ya kai shi kan iyaka, ya raba wa maƙwabci.

A nan mutane suka fara satar kallon juna.

Sai wai aka sami wata mata mai wayo, sunanta waken suya. Ita ma ƙanshin girkinta yana tashi har makafin nan su farka da murna, amma gidanta ba ƙofa. Su zaga nan, su zaga can, guzuri ya ƙare, barci kuma ba ya komuwa. Sai mutuwa.

Muna jira ya ce ƙurunƙus, kamar yadda ake rufe kowace tatsuniya a tashi an san ƙarya aka sha. Sai ya ce, "Ban ce ku yarda ba. A ba ni fartanya da bokitin ruwa." Muka ɗunguma zuwa gonar da ta fi kusa. Ya zaɓi wata dawa da ta ƙanjame, wadda babu ko ganyen ƙuduji ɗaya a kusa da ita, ya haƙo ta da ƙasarta, ya wanke saiwar a hankali. Ga su nan kuwa, farare, sun maƙale kamar kaska a kunnen kare. Ladan ya yi salati. Bokitin ya zaga hannu-hannu.

Kowa ya tafi gida da mamaki, ni na tafi da tambaya. Mu nan mun ga masu daɗin baki iri-iri, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙona fetur ya zo ya ba mu labari mai daɗi ya koma hannu wofi ba. Mai maganin basir da labari yake farawa. Mai neman ƙuri'a haka. Na ce a raina, lokacin da bawan nan nawa yake karanta mana takarda muna barci, na san gwamnati yake yi wa aiki. Yanzu da ya koma tatsuniya, wa yake yi wa?

Amsar ba ta daɗe ba, ko in ce abin da na ɗauka amsa ce. Da bazara ta gaba ya ce wa mai unguwa yana son gonar da ƙuduji ya fi ci a garin, a gwada maganar matar nan marar ƙofa kowa ya gani. Duk idanu suka juyo kaina. Bayan kwana kaɗan sai ga shi da igiya, da turaku masu jan fenti a ka, da wani ɗan allo na kafawa.

Mai karatu na birni ba zai gane abin da ya faɗo mini a ciki ba. A ƙasarmu igiya ba ta shiga gona sai da dalili biyu, rabon gado ko ciniki. In ka hango mutane sun ja igiya suna buga turke, ba ka tambaya, sai dai ka ce Allah ya jiƙan mamaci ko Allah ya sanya alheri. Ga ɗan Gwaggo da kansa yana taka gonar kakansa yana aunawa. Na kuma bi wurin da ya kewaye da ido, na auna da ilmin lissafina na aji huɗu, na ga bai yi nisa da kashi ɗaya cikin uku ba.

Na ce, "Kai bawana, wannan igiyar fa?"

Ya ce, "Shehin Malami, in ba a auna ba, da me za a kwatanta? Wannan ɓarin waken suya bana, wancan dawa kamar kullum. Baɗi duka biyun dawa. Sai mu ga inda baƙon ya fi yawa."

"Allon kuma sunan wa za a rubuta?"

"Sunan wake," in ji shi, yana dariya, ya ci gaba da buga turkensa.

Da na koma gida na gaya wa matata Kande cewa an zo. Ta ce wa ya zo? Na ce rabo. Na warware mata dabarar: bana a ce gwaji, baɗi a ce gwaji, shekara ta uku mutane sun saba da ganin turaku, sai a wayi gari ana cewa ai wancan gefen na gidan Asabe ne. Ta ce, "To ka tambaye shi mana. Ba ɗan'uwanka ba ne?" Kun ji shawarar wanda bai yi boko ba. In na tambaya ai ni na buɗe zancen da kaina. In na hana gwajin kuma, mai unguwa zai ce don me, nan ma zancen ya buɗu. Ya ɗaure ni da igiyar da ban ga ƙullinta ba.

Sai na fito da tawa dabarar, wadda a lokacin na ɗauka ko alƙali sai ya sara mini. Na farko, ba wanda zai taɓa ƙasar nan sai ni. Ni na yi huɗa, ni na shuka waken, ni na yi noman fari da maimai, don kada gobe wani ya ce guminsa ya zuba a wurin. Sannan shaidu. Duk dattijon da na kama, na garinmu ko baƙo, sai na ja shi gonar in tsayar da shi a gaban turakun in ce, "Ka gani da idonka, ni na noma nan, ni na noma can. Turakun nan na wasan yara ne." Shi kuma dole ya tambaya wane wasa, ni kuma dole in ba shi labarin.

Ban tsaya nan ba. Na ga cewa in na mayar da Sama'ila abin dariya, ranar da zai tashi da maganar gado ba mai ɗaukarsa da nauyi. Allah ya ba ni baki, wannan ko maƙiyina ya sani. A kasuwar Bagwai, a rumfar masu shayi, a wajen suna, a wajen ɗaurin aure, har Kunci garin ubansa, sai in gyara zama in kwaikwayi muryarsa: "Ga ta nan, ga ta nanku." In yi tafiyar makafin nan suna shinshina, in yi kukansu a bayan gidan da ba ƙofa. Mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki. Abin da ban lura da shi ba, in an gama dariyar ba wanda yake cewa Sama'ila ya haukace. Sai dai wani ya matso ya ce, "Malam Tanko, maimaita wajen matar nan. Wane irin waken ne?" Ni kuma in maimaita, har da ƙari, ina jin ina kashe shi.

Damina ta biyu na shuka dawa a ɓangarorin biyu, iri ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya, da hannuna. Na tsare gonar nan kamar mai gadin lambu, don na tabbata zai zo a ɓoye ya zuba wani sinadari a gefen da yake so ya ci. Bai ko leƙo ba sai da dawa ta yi ciki. Kafin nan shaiduna sun riga shi gani. Ɓarin da bai ga wake ba ya yi furensa kamar kullum. Ɓarin waken kuwa dawa ta haura kaina, ƙudujin yana nan amma tsilla-tsilla, kana iya bi ka tuge kafin ya yi fure. Da wani ya ce ko dai malamin gona ya yi siddabaru ne, sai mai unguwa ya ce, "Ina? Gonar da Tanko ke kwana a kanta? Ko ƙuda bai sauka ba sai da saninsa." Wato tsaron da na yi don in kama shi, shi ya zame masa hujja.

Ban sallama ba. Ranar da ya zo na tare shi a gaban jama'a, na nuna masa wani ƙuduji da ya fito a ɓarin waken, na ce, "To wannan fa? Shi ba ya jin ƙanshi, mura yake yi?"

Ya tsuguna ya dube shi, ya ce, "Ba duka suke farkawa a shekara ɗaya ba. Wasu suna can nesa da saiwar, ƙanshin bai kai musu ba. Kuma ba kowane irin wake ne ƙanshinsa ke da ƙarfi ba. Sai an yi ta juyawa, ana zuba taki, ana tugewa kafin fure ana ƙonawa."

"Shekara nawa kafin su ƙare?"

"Ba mu sani ba tukuna."

Na juya na dubi mutane don su shaida: mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a aji, ana biyansa, ya ce bai sani ba. Ni a rayuwata ban taɓa cewa ban sani ba. Amma na ga fuskokinsu, kalmar nan ta fi shigarsu fiye da duk tatsuniyar. Ashe mutum in ya nuna maka iyakar saninsa, sai ka fi sakin jiki da abin da ya ce ya sani. Wannan sai da na tsufa na gane.

Bayan kaka ya zo ya tuge turakunsa, ya naɗe igiyarsa, ya ɗaure a bayan babur. Bai ce komai a kan gado ba. Na ce a raina, ya dai gama awo, ya san inda kowane turke ya tsaya, lokaci yake jira. Shekaru suka yi ta wucewa, gonar ta farfaɗo, rumbu ya koma kaiwa, ina aika masa da dami yana aiko mini da goro da zagi. Duk zuwan da zai yi sai in ce yau ce. Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi na je na zauna a gefensa, muka yi ta tsokanar juna har tari ya sarƙe shi. Tambayar tana bakina, ban yi ba. Tsoron amsar nake. Ya tafi da ita, Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya fi gonar da ya gyara mini ni'ima.

Yanzu nakan zauna in ce, da Sama'ila zai ɗaga kai ya ga zamanin nan, me zai ce? A lokacinsa shi kaɗai ne mahaukacin da ke ba manoma labari. Yau kowa mai labari ne. Wayar da ke aljihuna ba ta wuni ba ta kawo mini murya mai daɗi ba, da ɗan kiɗa a ƙasa-ƙasa. Wai wani manomi ne a wani gari da ba a faɗi sunansa ba, gonarsa ta mutu, ya fesa wani ruwa a kwalba, yanzu ya je Makka. Wai masana sun gano. Waɗanne masana, a gonar wa, wa ya tsaya a kai? Shiru. Labaran nan sun fi na Sama'ila daɗi nesa ba kusa ba, ba kuwa wanda ya taɓa ƙarewa da "ba mu sani ba tukuna". Babu mai cewa a kawo fartanya. Matasan garinmu suna turawa juna, suna saye, suna fesawa a tumatirinsu na bakin dam, in abin ya ƙone su ce ƙaddara.

Masu binciken na gaskiya kuma har yanzu suna zuwa jefi-jefi cikin farar mota. Yara ne masu ladabi, suna durƙusawa su gaishe mu, amma da sun buɗe baki rabi Hausa rabi Turanci sai in ga jikokin waɗanda suka yi barci a gaban Sama'ila suna irin gyangyaɗin kakanninsu. Masu gaskiya ba su iya labari ba, masu labari ba su da gaskiya. Ina jin abin da zai fi ƙona masa rai ke nan, don shi wahalar da ya sha duk ta haɗa biyun ce a tabarma ɗaya.

Tatsuniyarsa kuwa tana nan da ranta, sai dai ta yi ƙiba a hanya. Na ji ta a bakin wani direba a tashar Kunci, wanda bai taɓa jin sunan Sama'ila ba. A tasa, baƙon aljani ne, kuma shekara ɗaya ta wake ta isa a rabu da shi har abada. Na ce masa ba haka take ba. Ya ce shi haka ya ji ta daga babansa, babansa kuma daga wani mai barkwanci na wajen Bagwai. Wato ni ke nan. Labari yana da ƙafa, bokiti ba shi da ita, shi ya sa labarin yake isa inda hujjar ba ta je ba. A nan nake ganin zargina na da bai zama wauta gaba ɗaya ba. Wurin da na ɗora shi ne ba daidai ba.

In aka ce me ya rage na mutumin nan, ba zan ce allo ko turke ba, gara ta cinye su tuni. Abin da ya rage shi ne, a garinmu yau ba mai tuge ƙuduji ya jefa a kan iyaka. In yaro ya yi, tsohuwa mai wucewa za ta ce masa ya kwashe baƙinsa. Mata suna awara da waken da muka ce abincin Nasara ne. Akwai kuma 'yan dattijai, ina cikinsu, da in aka ba mu labari mai daɗi muke cewa, to mun ji, a haƙo mu gani. Ni na ɗauka halina ne na gado. Da na duba da kyau, shi ya koya mini inda ake kai zargi ya yi amfani.

Sai dai maganar kashi ɗaya cikin uku ba ta bar ni ba. Makon jiya mota ta tsaya a ƙofar gidana. Hajiya Rabi ce, matar marigayin, ta zo zumunci kamar yadda takan yi duk shekara in lokacin rasuwarsa ya zagayo, tare da 'yarsu Zulai, wadda ta gaji aikin ubanta har ta fi shi takardu. Aka gaisa, aka yi masa addu'a, Kande ta kawo fura. Zulai ta ce, "Baba, wata alfarma na zo nema. Akwai sabon irin dawa da ake cewa ƙuduji bai cika kama shi ba. Ina so a gwada a gonarka, kuma in ɗauki muryarka a na'ura kana ba da labarin yadda ta kaya, ko ta yi kyau ko ba ta yi ba. An ce duk yankin nan ba wanda ake saurare kamarka."

Kaina ya fara kumbura. Sai ta buɗe bayan mota don ta nuna mini irin, na hango igiya a naɗe da turaku masu jan kai.

Na ture ƙwaryar furar gefe. Na ce yau kam, tsufa ya zo, gara a yi ta ta ƙare. Na gyara murya irin ta manya, na dubi Hajiya Rabi na ce, "Matar bawana, ku daina zagaye-zagaye. Mijinki ya zo da tatsuniya da igiya, 'yarsa ta zo da na'ura da igiya. Na san haƙƙin Gwaggo yana cikin gonar nan, ban taɓa musu ba. In shi kuke bi, ku faɗa mini a fili, a kira mai unguwa da liman. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, ke da kika zauna da shi: labarin nan da ya zo ya ba mu, ba gonar yake zagaye ba?"

Zulai ta sunkuyar da kai. Kande ta ce, "Oho, yau dai an tambaya." Hajiya Rabi ta ajiye ludayinta a hankali, ta goge baki da gefen mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Malam Tanko, gonar da ƙuduji ya kusa kore ka daga cikinta? Da ita yake so, ai ba sai ya ɓata bakinsa ba. Shiru kawai zai yi maka."